Mutumin da Ya Koya wa Na'ura Kallon Ƙazanta

Tun ranar da aka haife shi dangi suka san sun samu aiki. Goggonsa, wadda tana cikin ɗakin aka yi komai, har yau rantsuwa take yi cewa da ungozoma ta ɗago shi sai da ya dubi hannunta sama da ƙasa, ya yamutsa fuska, sannan ya fasa kuka. Ta ce ba kukan shigowa duniya ba ne, ƙara yake kaiwa. Yana da sunan yanka, mai daɗi ma kuwa, amma ko Innarsa sai ta ɗan yi shiru kafin ta tuno shi. Tsantseni ake ce masa a gida, Tsantseni a makaranta, kuma ba don an tsaya a kan mai buga kati ba, da Tsantseni za a rubuta a katin aurensa.

Yaro ne da bai taɓa shan ruwa a kofin da wani ya kai baki ba. In ƙuda ya sauka a gefen kwanonsa, ba abincin kaɗai yake bari ba, har ɗakin. Yaran gidan, 'ya'yan kawu da 'ya'yan goggo, ba su daɗe ba suka gano arzikin da Allah ya ajiye musu. Duk ranar da aka raba nama, sai ɗaya ya matsa kusa da shi ya yi ɗan tari, ba mai yawa ba, ɗan ƙaramin "ehem". Shi ke nan, naman Tsantseni ya zama na jama'a. A haka suka yi ƙiba, shi ya yi tsawo.

Akwai kuma kalma ɗaya da bakinsa bai taɓa yarda ya furta ba, wato sunan abin da jariri ke bari a cikin nafkin. Kowa yana faɗinta, har tsofaffi masu daraja, amma shi in ya ɗauko ta daga ciki, kafin ta iso harshe maƙogwaronsa ya rufe, idanu sun kawo ruwa. "Wancan al'amarin" yake cewa. Ranar da ƙanwarsa ta haihu, daga bakin titi ya yi mata barka ta waya, yana ɗaga wa taga hannu.

Da ya gama makaranta ya yi ayyuka iri-iri, kuma duk ƙyanƙyami ne ya kore shi. Ya yi shagon buga takardu, ya bari saboda masu lasar yatsa kafin su juya shafi. Ya yi kantin magani, ya bari ranar da wani dattijo ya cire takalmi ya ɗora ƙafa a kan kanta ya ce, "Ɗana, duba mini nan." Ya koyi gyaran waya, har hannunsa ya fara faɗawa, sai ya buɗe wata ya ga abin da kunnuwan mutane ke tarawa a ragar lasifika. Ya ajiye sukundireba a hankali, ya fita, bai ko koma ɗaukar hularsa ba.

Aure kuwa ba wanda ya sa masa rai. Sai ga Mai Kula. Mace ce gajeriya mai faɗin murya, sana'arta dafa abincin rana, ta zuba a kuloli a kai wa ma'aikatan ofisoshi. Ya fara ganinta ne a bakin famfo tana wanke tukunya. Ta wanke, ta ɗauraye, ta ɗaga ta a rana ta duba, ta sake wankewa. Ya tsaya nan da jaka a hannu har motar da zai shiga ta tafi ta bar shi. Bayan auren abin da ba a taɓa gani ba ya faru: Tsantseni ya yi tumbi. Ɗan ƙarami ne, kamar an ɓoye lemo a cikin riga, amma dangi sun yi ta zuwa kallo. Inna ta shafa shi ta yi kuka. Ita kuwa Mai Kula ta samu talla kyauta, don duk wanda ya yi wa abincinta ƙorafi sai ta ce, "Kai, abincin da Tsantseni ya ci har ya nemi ƙari kake yi wa wannan fuskar?"

Ana cikin haka aka shigo da zancen ƙirƙirarriyar basira. Ita dai wannan aba ba jiya aka fara ta ba. Tun kafin a haifi Inna wasu masana suka zauna suka ɗauki alkawarin cewa saura ƙiris su ƙera na'ura mai tunani irin na ɗan Adam. Suka ƙera wata mai cika ɗaki, tana shan lantarkin unguwa guda, amma ka nuna mata kyanwa ka nuna mata silifas, sai ta tsaya tana zafi. Masu ba da kuɗi suka gaji suka kama gabansu, abin ya yi barci. Ya farka, ya yi miƙa, ya sake komawa. Can wata rana aka ji na'ura ta lallasa zakaran wasan dara, aka yi ta ihu wai duniya ta zo ƙarshe, alhali ko ƙwai ba ta iya soyawa ba. Sai daga baya aka gano dabarar, kuma dabarar ba ta da wani kwarjini: a tara hotuna kamar yashi, a zaunar da mutane suna nuna mata ɗaya bayan ɗaya, wannan kyanwa ce, wannan ba kyanwa ba ce, har ta haddace don dole.

Da 'yan kasuwa suka jiyo ƙanshi, shi ke nan. Mai sayar da katifa ya ce katifarsa tana da basira. Mai buroshin haƙori ya ce nasa ya fi ka sanin bakinka. Kamfanin da bara yake sayar da labule, bana ya sauke allon ƙofa ya sa aka zana ƙwaƙwalwa mai shuɗin haske, ka shiga ciki kuma labulen dai su ne.

Irin wannan kamfanin ne ya ɗauki Tsantseni, a saman wani shagon tayoyi. Ɗaki biyu ne. Na gaba gilashi ko'ina, furannin roba, sanyi har haƙora na karo, ga ƙaton allo a bango da ƙwaƙwalwa tana ta juyi ba ta zuwa ko'ina. Na baya kuwa tebura ne a jere kamar ajin jarrabawa, fanka ɗaya mai ciwon wuya, taga ɗaya da ke kallon bangon maƙwabta. Mai kamfanin saurayi ne mai farin takalmi, wanda ma'aikata suka laƙaba wa Nan Gaba, don ba abin da za ka tambaye shi, ko da makullin banɗaki ne, bai fara da "nan gaba" ba.

Aikin farko ya yi wa Tsantseni daɗi ƙwarai. Hoton titi zai fito a kwamfuta, ya zana akwati a kan mota, akwati a kan keke, akwati a kan fitilar hanya, ya danna, wani ya fito. Ba mai taɓa shi, ba mai yi masa numfashi a wuya. Linzamin kwamfutar ma nasa ne, daga gida yake zuwa da shi a cikin leda. Da Inna ta tambaye shi wane irin aiki ne, ya gyara wuyan riga ya ce, "Malamin na'ura ne ni, Inna. Ni nake koya mata." Kafin rana ta faɗi duk layin sun ji cewa ɗan Inna ne ke ba mutum-mutumi karatu. Kawu ya zo takanas ya ce a tambayo masa maganin ciwon gwiwa, kuma a gaya mata ya gwada man zafi bai yi ba.

Matsalar ɗaliba irin wannan ita ce, da zarar ta iya, sai a sallami malamin ko a nemo masa wani darasi. Da ta iya motoci aka kawo kwangilar shara: wannan roba ce, wannan ruɓaɓɓen kabeji ne. Tsantseni ya daure, ya sayo tabarau mai duhu. Aka kawo ta haƙora, bakuna a wangale, wasu kamar an yi gobara a ciki an kashe da ruwan kwata. Ya daure, ya riƙa tsotsar minti. Sai wata safiya Nan Gaba ya shigo ɗakin baya yana tafa hannu.

"Jama'a, nan gaba ba uwar da za ta ƙara zama cikin fargaba! Mun samu kwangilar tarihi. Manhaja ce ta masu jego. Uwa za ta buɗe nafkin ɗin jaririnta, ta ɗauki hoto da waya, na'ura ta gaya mata lafiya lau ne ko a nufi asibiti. Ku ne za ku koya mata."

Wani tsohon direban tasi da ke zaune kusa da Tsantseni, wanda shi ma wata manhajar ce ta raba shi da fasinjojinsa, ya ɗaga hannu. "Ranka ya daɗe, hoton mene ne takamaimai?"

"Hoton sakamako," in ji Nan Gaba, ya fice da sauri kafin a kunna.

Aka kunna.

Ba hotunan ne suka kashe Tsantseni ba, ko da yake sun kai shi bakin rami. Abin da ya ƙarasa shi madannan da ke ƙasan hoton ne. Wanda ya tsara aikin, Allah ya saka masa daidai da aikinsa, ya ga cewa hanya mafi sauƙi ta bambanta launi da kauri ita ce a kwatanta da abin da kowa ya sani. Don haka a ƙarƙashin kowane hoto ga zaɓi a jere: kamar miyar ganye, kamar gwaiduwar ƙwai, kamar waken da ya narke, mai tsaba-tsaba kamar shinkafa, mai maiƙo kamar romon nama. Ka duba, ka auna, ka danna, wani ya fito. Jariran duniya kaf kamar sun haɗa baki, ba hutu, ba yajin aiki.

Kowa a ɗakin da irin tasa wahalar. Wata mata a teburin gaba ta rabar da kajinta don kar ta ƙara ganin ƙwai. Wani ya koma yin aiki da ido ɗaya, wai yana ajiye ɗayan don iyalinsa. Direba ne kawai ko a jikinsa. Yana dannawa da hagu, yana jefa gyaɗa a baki da dama. Wani lokaci har ya taɓo maƙwabcinsa: "Malam Tsantseni, taimaka mini da wannan. Wake ne ko ƙwai? Ni na ga kamar an haɗa."

Ranar farko da yamma Mai Kula ta yi shinkafa da miyar ganye, ta yanka dafaffen ƙwai a kai don ado. Ta ajiye masa, ta ɗaga murfi, tururi ya tashi. Tsantseni ya duba, sai ya ji yatsansa yana motsi shi kaɗai a kan gwiwa, yana neman abin dannawa. Ya miƙe ya yi waje da gudu, takalmi ƙafa ɗaya.

Ta ɗauka zazzaɓi ne, ta ɗura masa magani. Washegari ta yi wake, ya fita. Ta yi romo, ya fita. Ya koma busasshen burodi da ruwan zafi, don su kaɗai ne ba su cikin madannan. Abin har ya bi shi titi: ya ga magina suna kwaɓa siminti, yatsa ya motsa; ya ga ana zuba fenti a bokiti, ya tsallaka ɗaya hannun. Tumbin nan na tarihi ya sace ba sallama. Ramukan bel ɗinsa suka ƙare, ya kai wa mai gyaran takalmi ya huda sabo, ya sake kaiwa, ya sake kaiwa, har mutumin ya ce gara ya sayi agogon hannu ya ɗaura a ƙugu.

Mai Kula ta shiga uku. Ta canja mai, ta canja gishiri, ta canja wanda take sayen ganye a wurinsa bayan ta yi masa tas a tsakiyar kasuwa, bawan Allah bai san hawa ba bai san sauka ba. Ta sayo sabuwar tukunya. Ta je gaban Inna ta durƙusa ta tambayi abin da yake so yana yaro, Inna ta ce, "'Yata, yana yaro ba abin da yake so." Goggo ta leƙo ta dube shi ta ce ko dai na'urar ce take tsotse shi ta cikin waya, a daina bari yana zama kusa da soket. Mai Kula ba ta yi dariya ba. Ta fara shinshina hannunta a ɓoye. Ta fara wanka kafin ta ɗora tukunya da bayan ta sauke.

A waje kuma magana ta fita. Wata mai abinci da ke gasa da ita ta riƙa tare ma'aikata a bakin ofis tana cewa, "Ni ban ce komai ba. Ku dai je ku ga mijinta, sannan ku ci." Ofis guda suka daina karɓar kula, suka ce ba don komai ba, suna dai da ƙananan yara.

Ba wai bai yi ƙoƙarin gaya mata ba. Ya yi. Wata rana da ta tsare shi a ƙofar kicin da ludayi a hannu, ya ce, "Madam, wallahi ba ke ba ce. A wurin aiki ne. Akwai wasu hotuna."

"Hotunan wa?"

"Ba na mutum ba ne. Wato na mutum ne, amma ba mutumin ba. Abin da ya... wancan al'amarin..."

"Wane al'amari? Yi magana, Injiniya, ina da tukunya a wuta."

Ya buɗe baki. Kalmar ta taso, ta iso maƙogwaro, sai kuma idonsa ya faɗa kan ludayin, ga miya tana ɗiga. Ya toshe baki ya juya. Ita dai abin da ta gani shi ne mijinta ya dubi miyarta ya yi yunƙurin amai. Kuma in za a faɗi gaskiya, ba maƙogwaro ne kaɗai ya hana shi ba. Mutumin da Innarsa ta gama shelar cewa yana karantar da mutum-mutumi, ta ina zai fara bayanin littafin da suke ciki?

Ta ajiye ludayin. Ba ta ɗaga murya ba, kuma abin da ya fi ba shi tsoro ke nan, don muryarta ta saba tsallake katangar maƙwabta.

"Ka ji ni da kyau. Na auri mutumin da ke ƙyanƙyamin duk duniya, na yarda, don ban san wata rana zan shiga cikin duniyar ba. In watan nan ya mutu ba ka ci abin da hannuna ya dafa ba, zan kwashe tukwanena in koma gidan Yaya. Ba fushi ba ne da za a turo Kawu ya ba ni haƙuri. Ni tukwanena in suka fita, sun fita."

Washegari ya sami Nan Gaba a ɗakin gilashi ya roƙi a mayar da shi kan motoci. Ko shara ma ya yarda. Ko haƙora.

"Motoci ai ta iya, ta wuce ku," in ji Nan Gaba, yana shafa waya bai ɗago ba. "Kuma kai ne gwarzonmu a wannan. Ba wanda ya kai ka sauri."

Gaskiya ne, don shi kallo ɗaya yake yi ya danna ya kawar da kai, kamar mai taɓa garwashi.

"Ranka ya daɗe, ba na iya cin abinci."

"Nan gaba ma ba za a riƙa cin abinci ba, ƙwaya ɗaya za a haɗiya. Ka ga ka riga kowa ke nan." Ya yi dariyarsa shi kaɗai. "Af, kuma masu zuba jari za su zo. Ranar za a rufe ƙofar baya, ba tari, ba atishawa. Za su gwada manhajar da hotunan gwaji. To da yake na'urar ba ta gama nuna ba, hoton zai zo kwamfutarka ne, kai ka danna, amsa ta fito musu a allo. Ɗan taimaka mata kawai za ka yi, kamar yadda ake riƙe wa mai koyo keke."

Wata ya kusa mutuwa ranar da baƙin suka zo, kuma ranar ce Mai Kula ta zaɓa, ba tare da ta san da zuwansu ba. Ta riga ta ɗaure manyan tukwane a buhu. Ta ce bari ta yi na ƙarshe, ta je da ƙafarta ta ga wurin da ake mayar mata da miji tsinke. Ta yi shinkafa, ta yi miyar ganye wadda ta zuba mata duk abin da ta sani, ta cika kula, ta yafa mayafi, ta hau matakalar shagon tayoyi da tsakar rana.

Sakatariya ta hango ta a bakin gilashi da ƙatuwar kula, ga baƙi can sun ba da baya suna kallon ƙwaƙwalwa tana juyi. Ta ruɗe. Ta kamo hannunta, "Anti, don girman Allah, ta nan, ta nan," ta tura ta ɗakin baya ta murza makulli.

Zafi ne ya fara marin Mai Kula, sannan warin mutane da yawa da fanka ɗaya. Ta ga bayin Allah a jere sun yi tsit, ko ƙwaƙƙwaran numfashi ba mai yi. Ta hango ƙeyar mijinta, wuyan nan ya zama kamar mariƙin cokali. Ta nufe shi, ta tsaya a bayansa, ta dubi kwamfutar.

Ta daɗe tana kallo. Mace ce da ta raini ƙannenta tun suna tsumma, ba wannan ne zai girgiza ta ba. Har ta fara cewa a ranta, wannan yaron ai haƙori yake fitarwa, sai idonta ya sauka kan madannan. Ta sunkuya. Ta karanta su ɗaya bayan ɗaya, leɓenta na motsi. Daidai lokacin Tsantseni, wanda bai san da mutum a bayansa ba, ya kai linzami ya danna "kamar miyar ganye". Daga ɗakin gaba aka ji tafi.

"Miyata," in ji ta.

Ya waiwayo. Da akwai sauran abin da zai zube a jikinsa, da ya zube.

"Madam..."

"Miyata aka sa a nan? Wane marar tarbiyya ne ya zauna ya rasa abin kwatance sai abincin mutane?"

"Baiwar Allah, a hankali," Direba ya raɗa mata. "In suka ji mu, yau duk aikinmu ya ƙare."

Ta cikin bango muryar Nan Gaba tana shigowa, ta yi taushi kamar an shafa mata mai: "Kamar yadda kuka gani, ba hannun ɗan Adam a ciki. Ita ta koya wa kanta. Ba ta gajiya, ba ta ƙyama, ba ta neman hutun cin abinci."

Mai Kula ta dubi bangon, ta dubi mutanen ɗakin, masu 'ya'ya, masu furfura, an kulle su kamar wankin da ba a so baƙo ya gani. Ta ja tsaki mai tsawo, a hankali ta ja shi amma sai da fankar ta ji. Sannan ta juyo kan nata.

"Kai kuma. Ka bar ni ina shinshina hannuna. Na ci mutuncin mai ganye a gaban 'ya'yansa. Na yi ta zargin tukunyar da Innata ta ba ni. Duk don kar a ce malamin na'ura kashi yake tantancewa."

Ta faɗi kalmar ɓaro-ɓaro. Tsantseni ya runtse ido, hawaye suka gangaro ta ƙasan tabarau.

"Ina jin yunwa, Madam," ya ce. "Wallahi ina jin yunwa. In na jiyo ƙanshin girkinki daga bakin layi har jiri nake yi. Sai an ɗaga murfi ne..."

Ta tsaya. "Ƙanshin ba ya tayar maka da zuciya?"

"Kwamfuta ai ba ta wari. Idon ne ya lalace."

Wani hoton ya faɗo, kwamfutar ta yi 'yar ƙara tana jiran amsa. Mai Kula ta cire masa tabarau, ta zare mayafinta ta ninka, ta naɗe masa idanu ta ɗaure ta baya, irin ɗaurin da take yi wa bakin buhu. Ta juya kujerarsa ya ba kwamfutar baya.

"Baba Direba, karɓi karatun ɗalibar."

"Baiwar Allah, ni fa ba na bambance wake da ƙwai."

"Danna duk wanda ya yi maka."

Direba ya yi bisimilla ya danna. Aka ji tafi. Wani ya zo, ya kawar da kai ya danna. Tafin ya fi na farko.

Ta buɗe kular. Ƙanshi ya cika ɗakin, ma'aikata suka kasu biyu, masu haɗiyar yawu da masu toshe baki. Ta ɗebo cokali ta kai masa. Ya ja baya. Ta ce, "Buɗe, ko in je in nemo mai kura ya ɗauki buhuna." Ya buɗe. Ya tauna a hankali, kamar mai tsoron kar abincin ya yi magana. Ya haɗiye. Duk ɗakin an zuba masa ido. Sai ya miƙo hannu yana laluben cokalin.

Ba a taɓa ganin ci irin na ranar ba. Ya cinye shinkafa, ya shanye miya, ya bi kusurwar kula da cokali yana kankara, ƙarrr, ƙarrr, har aka jiyo ɗaya daga cikin baƙin yana tambayar ƙarar mece ce. Nan Gaba ya ce na'urar ce, haka take yi in tunani ya yi zurfi. Suka ce sun gamsu. Sun kuwa zuba jarin.

Da yamma ta kwance buhu ta mayar da tukwane kan kanta ɗaya bayan ɗaya, da ƙarfi, don kowace ta san ba don daɗi ta zauna ba. Aikin dai bai bari ba, don ba wani a hannu, kuma ɗalibar har yanzu ba ta iya ba, ga shi Direba ya ƙara rikita ta. Mai Kula ta dafa wake, ta ɗaure wa mijinta ido, ta ajiye masa kwano, ya kama ci har da 'yar waƙa a hanci. Ita ma ta zuba nata ta zauna gefe. Ta ɗauki cokali. Ta dubi waken, yadda ya narke ya yi kauri, mai ya taso a kai. Ta daɗe tana dubawa. Ta juya kwanon, ko ta wancan gefen zai fi. Ta ajiye cokalin.

"Madam," in ji shi daga cikin mayafi, baki cike, "ban ji motsin cokalinki ba."

"Ci abincinka."

"Ya yi daɗi fa. Ya yi laushi sosai, kamar..."

"Ka ƙarasa maganar nan, wallahi a kanka zan kife tukunyar."

Ya ci gaba da tauna. Ta zauna tana kallon bango, tana tsine wa wanda ya tsara madannan, da wanda ya ba shi kwangilar, da wanda ya sayar musu da kwamfutocin. Cikinta ya yi ƙugi. Ta tashi ta shiga ɗaki, ya ji tana jan aljihun tebur tana birkita kaya.

"Me kike nema?"

"Almakashi," ta ce. "Kwance mayafin nan, ya isa mutum biyu."